Moɗar Ruwan da Inna Za Ta Miƙo Maka

Halifa ɗana,

Assalamu alaikum. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a sama ya tsare ka a ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga bakin jirgi har ƙofar gidan kakarka. Amin.

Na san za ka yi dariya. Uwa da ɗa gida ɗaya, bango kawai tsakaninmu, ina ma jin ƙarar akwatinka da kake ja a ɗaki, amma sai da takarda. To ai kai ka jawo. Duk maganar da na ɗauko maka a makon nan, kafin in kai tsakiya ka ce "ok lah, Mama," idonka na kan waya. Takarda kuwa ba a sallamar ta da "ok lah." Zan cusa ta a jakarka ta hannu, kuma da gangan na rubuta da Hausa, don na san yadda kake haɗa baƙin Hausa kamar mai tsince shinkafa. Ka yi ta tsinta a cikin jirgi, hanyar da nisa.

Tun ranar da takardar bautar ƙasarka ta fito ka ce Rafin Kanya za ka fara sauka wajen Inna, zama ya gagare ni. Jiya na zuba gishiri sau biyu a miyar da ɗaliban unguwar Danau Kota suka yi oda, sai da yarinyar nan da ke zuwa tapau, wato karɓar abincin a ƙunshe, ta bugo tana tambaya ko lafiya. Ba lafiya ba. Maganar masai ce ta hana ni sukuni. E, masai, kada ka yatsina mini fuska. Sokawen gidanmu na can yana tsiyaya cikin rijiyar Inna, Inna kuma ta ƙi daina shan ruwan rijiyar, ga damina tana tahowa. Babanku yana kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni ba ni da halin barin sa in hau jirgi. Kai ne mai tafiya, don haka kai za ka ji.

Bari in fara da abin da ba ka sani ba, kuma ba laifinka ba ne. A nan Taman Melati ta Kuala Lumpur ka buɗe ido, can saman bene. Ka danna, ruwa ya tafi da komai, ba ka taɓa tambayar ina ya nufa ba. In bututu ya toshe, mu sauka ofishin masu kula da gini, wani ya hau da akwatin kayan aikinsa yana cewa za a iya da yarensu, "boleh, boleh," kafin la'asar an gama. A ƙauye babu wannan. Abin da ka tura ba ya barin gidan, yana nan ƙarƙashin ƙafarka. Ramuka biyu ne a bayan ɗakin Inna. Na farko tanki ne na kankare, nan komai yake fara sauka, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi ta cin sa suna narkar da shi. Ruwan da ya taso sama sai ya bi bututu ya faɗa rami na biyu, shi ne sokawe, daga nan ƙasa ta riƙa tsotse shi a hankali tana tacewa. Shi ke nan aikin. In aka bar shi da sauƙinsa, sai ya yi shekaru ba a ji kansa ba. Ni ce ban bar shi ba.

Lokacin da muka tashi gyara gidan, Babanku yana fama da koyarwa da rubuce-rubucensa, sai ginin ya dawo hannuna, ta waya. Ni na dage a yi wa Inna ban-ɗaki a cikin ɗaki irin namu na nan, don kada tsohuwa ta riƙa ratsa tsakar gida cikin ruwan sama zuwa tsohuwar salga. Niyyata mai kyau ce, har gobe ban ji kunyar ta ba. Baffa Sale, ƙanen Babanku da ke kula da aikin, ya turo mini hoton bayan gidan ya ce ina za a haƙa. Ina tsaye a cikin LRT, jirgin ƙasan cikin gari, tsakanin Wangsa Maju da gida, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan riƙe da ledar kifi, na dubi hoton na ce a haƙa daf da bangon ɗakinta, bututu ya fi gajarta. Ya ce, "Yaya, ba kya jira ki zo ki gani?" Na ce masa ai ga shi ina gani. Hoto kuwa ba ya nuna gangare, Halifa. Bayan ɗakin Inna tudu ne, rijiyar tana ƙasa da shi, duk abin da ƙasa ta tsotsa can yake gangarawa.

Saboda haka idan ka isa, kada ka yarda da idon waya, har da naka. Ranar da aka yi ruwan farko ka sa takalmin roba ka fita cikinsa, ka tsaya ka ga inda ruwa ke bi a gidan, inda yake taruwa, inda yake ficewa. Sabon ramin da za a haƙa, dole ya kasance can ƙasa da rijiya, nesa da ita sosai, kuma nesa da rijiyar maƙwabta, kada mu cire wa kanmu mu ɗora wa wasu. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ka nemi jami'in duba-gari ya zo ya taka wajen da ƙafarsa kafin a sa diga. In magina suka ce maka "ai nan ma ya yi," ka ce su jira shi. Kafin a gama, a gyara tsohuwar salgar can ƙarshen gida, kowa ya koma can, a kulle ban-ɗakin ɗaki. Na san ba ka saba tsugunno ba. Za ka saba, ƙafafunka ba na aro ba ne.

Zuwanmu na farko bayan an gama ginin, kana ƙarami ba za ka tuna ba, na je da Malesiya a kaina. Na sa an jona tiyo a ban-ɗakin kamar na nan, ina wanke daɓe safe da yamma har ruwa ya kwanta. Ruwan wanki, can. Ruwan wanke-wanke da man suyan da ya rage a kasko, can. Da na ga indararo yana mayar da tsakar gida taɓo, sai na ce a sa masa bututu a tura shi cikin sokawen shi ma, wai ni mai dabara. Ramin da aka yi don ruwan buta, na ɗora masa ruwan rufin gida gaba ɗaya. Ba a jima ba ban-ɗakin ya fara gurnani in an zuba ruwa, wari ya taso. Me zan yi? Na sayo bilic na bulbula, na bi da kananzir, wata maƙwabciya ta ce baƙin mai yana kashe wari, shi ma na zuba. Warin ya lafa na ɗan lokaci ya dawo da ƙarfinsa, don na kashe halittun nan da ke cin ƙazantar. Tanki ya zama tukunyar da ba wuta a ƙarƙashinta.

To ka ji. Ruwan sama ba ya shiga sokawe, ka cire bututun nan nawa ranar da ka sauka, ka bar indararo ya zuba a rariya ya fice. Ruwan wanki da na wanke-wanke a yi musu tasu kwatar daban. Mai, ko na gyaɗa ko manja, ba ya shiga, daskarewa yake ya toshe ƙasar ramin ta daina sha. Tishun nan mai danshi da kake yawo da shi a aljihu kamar ɗan sarki, ba ya narkewa, kada ka jefa. Nafkin yara ma haka, ka gaya wa matar Baffa, ko da yake ita ma sai ka yi dabara. Sabulu kaɗan da buroshi sun isa wanke masai. In wari ya taso, ba turare yake nema ba, gaya maka yake wani abu ya lalace. In ka ga ruwa yana jinkirin tafiya, ko ciyawar kan ramin ta yi shar da rani alhali ko'ina ya bushe, to ya cika ko yana yoyo. Ka nemo masu motar yasar masai daga cikin gari kafin ruwa ya kankama, don in hanya ta jiƙe motar ba ta shiga Rafin Kanya. Ka tsaya a kansu. Su bar ɗan abin da ke ƙasan tankin, shi ne irin da zai ci gaba da aiki. Kuma ka tambaye su inda za su zubar, ka bi su a babur in ta kama, kada su juye a bakin rafin da yara ke wanka.

Dakata, Babanku yana buga cokali a jikin kofi.

Na dawo. Ruwa yake so, kuma yana tambaya me nake ta rubutawa tun azahar. Na ce masa sautu ne. Ya dube ni da idon nan nasa, ya san ko wane sautu ne, ya juya fuska bango. Hadari ya haɗu a kan duwatsun can bayan Melati, yanzu za a tsuge kamar kullum, a ɗauke kamar ba a yi ba. Ni ko duk ruwan da aka yi a garin nan yanzu, sai in ga kamar a tsakar gidan Inna yake zuba.

Babbar ɓarnar a bikin yayarka Ummi na yi ta. Wannan kam za ka tuna, kai ne mai kukan sauro da neman kedai, shagon shayi da abinci irin na nan, a ƙauyen da ba shi da ko teburin mai shayi biyu. Gida ya cika da mata, masu girki suna neman wajen kafa murhu, ko'ina rairayi da duwatsu. Sai idona ya faɗa kan murfin tankin, shimfiɗaɗɗen siminti sumul, ga inuwar bango. Na ce a kafa a nan. Manyan tukwane, wuta tun safe har yamma, ga turmi a gefe ana kirɓa sakwara. Bututun iskar da ke tsaye a jikin bango kuma, wanda yake fitar da numfashin tankin sama, na ga ya tsaya daidai inda za a ɗaura rumfar amarya, na sa aka yanke shi aka cusa tsumma. Iskar da ke cikin tankin nan wuta take kamawa. Allah ne kawai ya rufa mana asiri, da bikin Ummi ya zama abin da ba a son faɗa. Bayan an watse na ga tsaga a murfin, siririya kamar zare. Na sa tabarma na rufe, bayan kwana biyu muka hau jirgi.

Ta wannan tsagar ruwan damina ya riƙa shiga, tanki ya tumbatsa, ƙazantar da ba ta narke ba ta wuce sokawe, sokawe ya tura wa ƙasa abin da ya fi ƙarfinta. Ka ga yadda abin ya bi.

A sake murfin, a mayar da bututun iska ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure masa raga a baki saboda ƙuda da sauro. Ba murhu, ba turmi, ba ajiye mota ko babur a kai, ba ɗaure saniya. A kewaye wajen da ƴan sanduna yara su san ba filin ƙwallo ba ne. Sannan ga wadda in ka manta duk sauran kada ka manta da ita: ko me ya faɗa ciki, ko waya ce, ko akuya ce, kada ka shiga, kada ka bari wani ya shiga, kada ka leƙa da ashana ko fitilar kwai. Iskar ciki ba ta ba mutum lokacin ihu. Mai shiga ceto ma a can yake zama. Na san ka da zafin zuciya da son a ce kai ne ka taimaka, irin na Babanku. A wannan wajen ban yarda ba, ban yafe ba in ka yi.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Daminar da ta biyo bayan bikin, ruwan rijiyar ya fara sauya ɗanɗano. Inna ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ciki, aka kai ta asibitin cikin gari, likita ya ce daga ruwan sha ne. Ta tashi. Bara ta sake kwanciya, wannan karon har sai da aka ƙara mata ruwa, Baffa ya ce da ya ɗauke ta zuwa mota kamar ya ɗauki zani. Tun daga nan kowa a gidan ya koma ruwan burtsatsen bakin kasuwa. Baffa yana kai mata jarka cike kullum. Ka san me take yi da shi? Wanki. Ta ce ƙarfe-ƙarfe yake yi mata a baki. Ruwan sha kuwa sai ta jefa gugarta da kanta ta ja daga rijiyar, ta ce ruwan Malam ne, da hannunsa ya haƙa ta shekarar da ya kawo ta gidan, ita ba ta san wani ruwa ba. Malam shi ne kakanka, wanda aka sa maka sunansa, shi ya sa ban taɓa kiran ka da sunanka na yanka ba.

Za ka ce, to a gaya mata mana, me ye a ciki? Haka za ka ce, na san ka, har da ɗaga kafaɗa. Wa zai gaya mata? Babanku ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, ko lokacin da yake da lafiya in ya buga waya sai ta miƙa wa wani ta ce a tambaye shi ya mutanen gidan. Yanzu kuma harshensa ya yi nauyi. Baffa Sale ya gwada. Ya durƙusa ya yi ta kewaye-kewaye, wai ruwan ya ɗan canza, wai likita ya ce a huta da shi. Ta ce, "Sale, ni za ka koya wa shan ruwa? Da wane ruwan na yi wankan jegonka?" Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Bakinsa bai iya furta wa uwarsa cewa abin da ke fita daga ban-ɗakinta shi ke komawa randarta ba. Ba ɗan da zai iya.

Ni kuwa suruka ce. Zuwana na ƙarshe, kafin ciwon Babanku, na shiga ɗakinta na durƙusa, na riga na san komai, Baffa ya gaya mini a mota. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini, ta ce, "Sha, kin sha hanya." Na karɓa da hannu biyu. Na ji warin tun kafin ya kai bakina. Na sha, Halifa. Na shanye na ce Alhamdulillahi, ta yi murmushi ta ce ai duk Malesiya ba ruwa kamar wannan, na ce haka ne, Inna. Kwanakin da na yi a gidan kullum da safe sai in shirya maganar a raina, in shiga gaishe ta, in fito da ita a cikina. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka raine ni, da ita nake so ka zauna da manya. Amma ka sani akwai ranar da kunya ba ta kare kowa sai mai jin ta.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya faɗa wa Inna wannan magana ƙiri-ƙiri ta saurara, kai ne. Ba don karatunka ba, ita digirinka ko a jikinta. Don kai jikanta ne, kuma mai sunan mijinta. A wajenmu tsakanin kaka da jika wasa ne, babu kunya. Ka tuna duk sanda aka ba ka waya take cewa, "Maigida, ka bar ni da yunwa, ina kuɗin cefane?" kai kuma ka rufe wayar da hannu ka ce mini da Turanci, wai me ya sa tsohuwar nan take ce maka mijinta? Ni ce ban koya maka ba, ina ganin me za ka yi da shi a Kuala Lumpur. Abin da ake so ka mayar mata shi ne, "Ke tsohuwa, wa zai ba ki cefane, tuwonki duk gudaji? Na kusa sake ki in auro ƴar Malesiya." Sai ta yi shewa ta ce ko ƴar Sin ka auro ita ce uwargida. A cikin wannan wasan jika yana iya cewa kakarsa ƙazama, yana iya ƙwace abin da ke hannunta, yana iya kafa mata doka a matsayin maigida, duk gida a yi dariya, amma maganar ta shiga. Abin da ɗanta ba zai iya ba, abin da ni ba zan iya ba, kai an ba ka shi kyauta tun ranar suna.

Shekaranjiya na buga mata. Bayan gaisuwa ta ce, "Ki gaya wa maigidana na sayi sabuwar randa, na turara ta, na jefa mata jema. Ruwan Malam na nan yana sanyi yana jiran mai sunan Malam." Na ce to, Inna. Na kashe wayar na zauna a ƙasan kicin na rasa abin da ke mini daɗi.

Ka ga inda muke. Kana shiga ɗakin nan, kafin ka gama cire takalmi, za ta miƙo maka moɗa. Baƙo ba ya ƙin ruwan maraba, balle daga hannun kaka. Cikinka kuma bai san komai ba sai ruwan tacewa na kan bene da teh ɗin mamak, shayin shagunan nan. Na yi ta juya abin. Na ce ko in ce ka ce kana azumi. Na ce ko ka kai bakinka kawai ka yi kamar ka sha, ka faki idonta ka zubar. Har na fara rubuta maka haka a wata takardar na yayyaga. Don in ka yi haka kai ka tsira, ita kuma gobe da asuba ta jefa gugarta. Dabarar da na yi ke nan da wani salo, kuma ga inda ta kai mu.

Ga abin da nake so. Ka durƙusa ka gaishe ta yadda ya kamata, kada ka tsaya ƙiƙam kana miƙa mata hannu. In ta miƙo moɗar ka karɓa da hannu biyu. Kada ka sha. Ka riƙe ta, ka dubi Inna, ka ce, "Ke tsohuwa, haka ake tarbar miji? Da ruwan masai?" Ka faɗi kalmar, kada ka tauna ta, kada ka sa Turanci a wajen. Baffa zai sunkuyar da kai, matarsa za ta fice da gudu. Kada ka tsorata. Ka ce mata ramin bayan ɗakinta yana zuba a rijiyar, shi ya kwantar da ita bara, kuma kai maigidan ka hana, daga yau ba mai sha, har ita. Sannan ka tashi da kanka ka juye randar, ka ɗauraye, ka cika ta da ruwan jarka, ka ɗebo ka sha a gabanta, ka miƙa mata sauran. Ka ɗauke gugar ka kai ɗakinka. Washegari a yi wa rijiyar murfi da kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka.

Hausarka za ta karkace, za ta yi maka dariya, wataƙila ta ce bakinka kamar na mai cin goro da zafi. Bar ta ta yi, dariyar ma taimako ce. Wataƙila kuma ba za ta yi dariya ba. Wataƙila ta yi kuka, ta ce an raba ta da abu na ƙarshe da Malam ya bari. In ta yi, kada ka tashi ka ba ta waje, kada kuma ka mayar da gugar. Ka zauna kusa da ita har ta gama. Ka gaya mata ba cike rijiyar za a yi ba, in an kawar da ramin za a yashe ta, a sa magani, duba-gari ya gwada ruwan. Amma kada ka rantse mata cewa za ta sake sha, don ni ma ban sani ba, ƙasa tana daɗewa ba ta manta abin da aka ba ta ba. Kuma ka riƙa kwana a gidan duk ƙarshen mako ko ina aka tura ka aiki, don na san Inna, tana iya aron guga a maƙwabta.

In ta huce za ta tambaye ka, don ba ta da wauta. Za ta ce wa ya gaya maka, wa ya aiko ka. Kada ka ce likita, kada ka laƙa wa Baffa. Ka ce matar ɗanki ce. Ita ta sa aka haƙa ramin a wajen, ita ta fasa murfin, ita ta ce in hana ki. Na san abin da zai biyo baya. Tun da aka kawo ni gidan su Babanku, Inna ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, a gaban dangi ƴata take ce mini, kuma na yi tattalin wannan fiye da zinaren aurena. Bayan wannan wataƙila in na buga ta miƙa wa wani wayar. Na yarda. Gara ta ƙi amsa gaisuwata tana raye.

Allah ya tsare mini kai, ya tsare cikinka da ƙafarka, ya sa maka albarka a abin da za ka faɗa, ya ba ka bakin faɗar sa. Allah ya ja kwanan Inna, ya ba Babanku lafiya. Ka gaishe da Baffa da iyalinsa. Ita kuma ka gaishe ta da kyau kafin ka karɓi moɗar, ka ce ina gaishe ta, tun tana amsawa.

Wassalam,
Mamanka